Sunan da Ke Tsakiyar Faifai

Kun sha jin labarin faifan nan guntu-guntu, kowa da ɓangaren da ya tsinta. Nusaiba ta san farkonsa domin ita ta buɗe saƙon, Faisal ya san tsakiyarsa domin shi abin ya fi ƙona wa rai, mahaifiyarku kuwa ta san abin da ta ga damar sani, ta bar sauran. Jikokina su ko sai dai su ga akwatin kwali a saman kantar falo, da hoton wasu samari huɗu masu tulin gashi da wando mai faɗin ƙafa, a ce musu na gefen hagun nan kakanku ne, su yi ta dariya. To, zan faɗe shi nan sau ɗaya a jere, yadda ya faru, don kada bayan raina wani a cikinku ya gyara min shi saboda ƙauna.

Kafin in zama Injiniya Bala Tanko mai gyaran na'urorin asibiti a Riyad, na yi shekara biyu da 'yan watanni ina kaɗa jita a Kaduna. Mu huɗu ne, sunan ƙungiyarmu Taurarin Layin Dogo, saboda a bayan tashar jirgin ƙasa muke haɗuwa, a wani shagon walda da ake tashi daga aiki da la'asar. Irin kiɗan nan muke yi da Turawa ke kira rok, mai ƙarar jita da dukan ganga kamar ana faɗa, sai dai da Hausa muke rerawa. Sande ɗan Kafanchan ke kan ganguna, Yakubu ke kan piyano mai lantarki, dukansu sun riga mu gidan gaskiya tun da daɗewa. Ni ina riƙe da jita mai kaurin murya, wadda ko ka yi kuskure ba kowa ke lura ba, kuma ina yi. Na huɗunmu shi ne Illo Mahaman, mutumin Tasawa ta ƙasar Nijar, lebura a tasha, ya girme ni da shekara shida. Maganar gaskiya, shi ne ƙungiyar, mu 'yan rakiya ne. Da gurmi ya tashi a garinsu, ya zo Kaduna ya ga jita, cikin wata uku ya mayar da ita gurmi mai tsirkiya shida. Yana ɗauke da buhun gyaɗa a ka yake haɗa waƙa, ya zo mana da ita da yamma a shirye, har da inda kowa zai shiga. Ya yi karatun allo, yana rubuta ajami mai kyau, amma boko ko harafi ɗaya bai sani ba. Ni na gama sakandare, shi ya sa ya laƙaba min Ɗan Boko, har yau kuma bai taɓa kirana da wani suna ba.

Da wani kamfanin faifai ya gayyace mu Legas, ni ne bakin ƙungiya. Muka ɗauki waƙa biyu, aka ce za a buga su a ƙaramin faifai, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Akawun kamfanin ya miƙo takarda, Illo ya tura min ita ba tare da ya duba ba.

"Ɗan Boko, cika muna," ya ce.

Akwai wani layi a takardar inda ake rubuta sunan wanda ya tsara waƙa. Na rubuta Bala Tanko. Na shafe shekaru ina ƙirƙira wa kaina dalilai: wai akawun yana sauri, wai Illo ba zai iya sa hannu da boko ba, wai zan gyara a faifai na gaba. Duk ƙarya ce. Shekarata goma sha tara, mahaifina yana ce min ɗan iska mai yawo da katako a wuya, ni kuma ina so in ga sunana a buge da inji. Wannan ne kaɗai dalilin. Da faifan ya iso Kaduna, muka taru a shagon walda, Illo ya goge hannuwansa a riga ya karɓa, yana juya shi a hankali kamar ƙwai. Ya dubi zagayayyar takardar da ke manne a tsakiya.

"Ina sunana yake?"

Na kama yatsansa na ɗora a kan sunana, na ce, "Ga shi nan." Sande ya iya karatu. Ya dube ni, ya dubi Illo da ke murmushi, ya juya ya ci gaba da ɗaure fatar gangarsa. Faifai huɗu muka yi kafin ƙungiyar ta watse, waƙa takwas, kuma sau huɗu na cika takardar nan. A na farkon ne kawai na ɗan yi jinkiri kafin in rubuta.

Daga nan kowa ya kama gabansa. Na jingine jita na shiga makarantar kimiyya, na yi aure, na bar gemu, aikin asibiti ya kawo ni Riyad. Illo ya koma Tasawa ya yi noma, noman bai yi ba. Da na ji labarin halin da yake ciki, ni na nema masa biza da aikin kula da lambu a wani ofishin jakadanci. Ya yi sama da shekara ashirin yana ba furannin Turawa ruwa a unguwar jakadu, daga baya wani dattijon Balarabe a unguwar Badi'a ya ɗauke shi ya kular masa da itatuwan dabino. Kafilin nan, wato ubangidan da zamansa a ƙasar ke hannunsa, mutumin kirki ne, ko da idanun Illo suka fara mutuwa bai sallame shi ba, ya ci gaba da sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama, ya kuma ɗauki 'yar Illo, Hadiza, da mijinta aiki a gidan. Kun san shi da Baba Illo mai kawo muku dabino. Kun san duk Juma'a bayan masallaci nakan bi ta kasuwar Badaha in yi masa sayayya, shinkafa da ganyen shayi da sukari, wani lokaci maganin ido, in kai masa ɗakinsa na bakin ƙofa. Mutane suna yaba min riƙon zumunci, ni kuma ina karɓar yabon. Abin da ba ku sani ba shi ne, a ƙasan akwatinsa akwai faifan nan huɗu a naɗe cikin zanen marigayiya matarsa, ko sau ɗaya allura ba ta taɓa hawa kansu ba, don bai taɓa mallakar garmaho ba. Sau uku ko huɗu a shekarun nan, in 'yan garinsu sun zo gaishe shi ina zaune, sai ya ciro ɗaya ya nuna musu, ya ɗora yatsa a tsakiya ya ce da can shi ma ya taɓa yin suna. Ni kuwa sai in tuna ban rufe gilashin mota ba.

Shekarar da nake shirin ajiye aiki, wata ranar Asabar da hantsi, Nusaiba ta fito daga ɗakinta da kwamfuta a hannu. Ita ke duba min saƙonnin imel tun da idona ya fara gajiya da ƙananan rubutu.

"Baba, wata mata daga Turai tana neman wani Bala Tanko na Kaduna. Ta ce mai jita. Na kusa gogewa, sai na ga hoto."

Ta juyo min kwamfutar. Ga ni nan da gashi kamar kwando. Matar tana aiki ne a wani ƙaramin kamfani da ke tono tsofaffin faya-fayan Afirka yana sake buga su. Ashe a can, cikin masu tara irin waɗannan kaya, Taurarin Layin Dogo sun zama abin nema, ana ce mana na farko-farko a wannan kiɗa. Shekara hamsin za ta cika da fitar faifanmu na farko, suna so su sake buga duka huɗun a kan roba baƙa irin ta da, kowane da takardarsa ta tsakiya yadda take tun asali, a haɗa su a akwati ɗaya da ɗan littafin tarihi. Abu biyu suke nema a wurina. Na farko izini, tunda ni ne mai waƙoƙin. Na biyu faifai na uku, mai waƙar Hanyar Tasawa, domin asalin ɗaukar ya ɓace, kuma duk kofen da suka samu ya karce.

Na ɗauka kunya za ku ji. Kun tashi a Riyad ɗin da ko a kasuwa ba a jin kiɗa, ni kaina nakan rage muryar rediyo in mun tsaya a danja. Na manta garin ya canza a gabana, har shagunan sayar da garmaho an buɗe a manyan kantuna, samari suna sayen abin da muka zubar. Faisal ya dawo gida, Nusaiba ta tare shi a bakin ƙofa da hoton. Ya nemo waƙoƙin a waya, wani ya ɗora su da ƙarar karce da komai, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata yana ji. Wannan yaron da tun yana sakandare hirarmu ba ta wuce ta mota da makaranta.

"Ya Baba, wallahi kai ne? Ya'ani duk wannan daga kanka ya fito?"

Na ce masa abin da daɗewa.

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba? Ni ina zato kai dai sukurudireba ka sani."

Kafin magariba ya tura wa duk abokansa, Larabawa da 'yan Najeriya, da rubutu a ƙasa cewa wannan mahaifinsa ne. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na yi kwana goma ina jin daɗin nan, ina tafiya a asibiti kamar an rage min shekaru. Baturiyar ta kira ta bidiyo, ku biyu kuna bayana kuna leƙe, ta yi ta tambayoyi don littafin, ina amsawa kamar mai gaskiya. Sai ta ce waƙar Hanyar Tasawa ta fi taɓa ta, tana so ta san me ya haɗa ni da garin, ko a can na yi ƙuruciya. Na ce layin yana yankewa, za mu ƙarasa wani lokaci. Bayan an kashe, Nusaiba ta tambaye ni ina ne Tasawa ma tukuna.

"Ba garinsu Baba Illo ba ne?" in ji mahaifiyarku daga ƙofar kicin.

Ba ta ƙara komai ba sai da kuka fita. Ta san na yi kiɗa, tun kafin aurenmu ta sani, ita ce ma ta sa aka sayar da jitar. Ta zo ta zauna a kujerar da ke fuskantata, tana goge hannu da gefen zane.

"Alhaji, shekara arba'in da ɗoriya ina tare da kai. Ban taɓa jin ka haɗa ko da waƙar rarrashin yaro ba. Kuma ko Maraɗi ba ka taɓa zuwa ba, balle Tasawa."

A nan na gaya mata komai, har da yatsan. Ita ce mutum ta farko da ta ji daga bakina. Na yi tsammanin faɗa, don kun san bakinta, amma ba ta yi ba. Tambaya kawai ta yi: yaushe ne Illo zai tafi? Domin a lokacin an riga an yanke cewa bayan ƙaramar Sallah zai yi fitar ƙarshe, ya koma gida gaba ɗaya, idon ya kai inda ba a iya komai. Saura wata bakwai. Ga hanya a buɗe, kuma na gan ta sarai: in karɓi faifan a hannunsa da sunan aro, in aika, a buga yadda yake tun farko, shi ya tafi Tasawa da makantarsa, ni in zauna da ɗana yana kallona da sabon ido. Babu mai rai da zai tona. Sande ya mutu da abin a cikinsa. Na yi kwana biyu ina juya wannan hanyar, kuma ku sani ba ƙyamarta nake ji ba a lokacin, sha'awarta nake ji.

Ranar Juma'a na bi ta Badaha kamar kullum, sai dai ledar ta fi ta kullum nauyi, har da shadda da turare. Na biyo gida in ɗauki tabarau, mahaifiyarku ta gan ni a tsakar falo. Ta miƙa hannu ta karɓi ledar ta ajiye bayan kujera.

"Yau haka za ka je. In ka shiga da leda, ledar ce za ta yi magana, kai ka dawo."

Na same shi zaune a kan darduma a inuwar dabino, bakin ɗakinsa, carbi a hannu. Ya gane takuna tun daga ƙofa. Hadiza ta kawo shayi ta gaishe ni ta koma ciki. Ya miƙo hannu muka gaisa, ya ɗan lalubi gefena inda na saba ajiye kaya.

"Ɗan Boko, yau hannu sake? Lahiya dai?"

Na fara da Baturiya da kamfani da shekara hamsin. Ya yi dariya har da tari, ya ce ashe Turawa ba su da aikin yi. Na ce suna neman faifai na uku. Ya ce wannan mai sauƙi ne, yana nan cikin akwati. Ya yunƙura zai kira Hadiza, na riƙe hannunsa na ce ya dakata, akwai magana. Ni da na yi shekaru ina yi wa manyan likitoci bayanin inji da Turanci da Larabci, ranar nan Hausa ta gagare ni. Da ƙyar na ce, "Yaya Illo, sunan da ke tsakiyar faifan nan ba naka ba ne. Nawa ne. Ni na rubuta a Legas, duka huɗun. Ranar da ka tambaye ni, a kan sunana na ɗora yatsanka."

Ya ci gaba da jan carbinsa har ya kai ƙarshen zagaye.

"Na sani," ya ce.

Na tambaye shi tun yaushe.

"Tun Hadiza na aji biyu ga lakwal, makarantar boko. Ta ɗauko shi tana haɗa baƙi, ta ce, Baba, wa ne Bala Tanko? Na ce abokina ne. Ta ce to kai ina naka? Munka juya gaba, munka juya baya, munka hiddo sauran ukun. Babu."

Na yi lissafin shekarun Hadiza a raina. Ke nan tun kafin ya zo Riyad.

"Da ka aiko min da biza, na ce ma uwarta, to, nauyin ya ishe shi, kirana yake ya hwaɗa min. Na taho. Ka tarbe ni ga hilin jirgi da sabon bargo. Na ce ƙila gobe. Duk sadda ka ga na hiddo faifan ga gaban baƙi, ba su nike nuna ma ba, ai rabinsu sun yi lakwal, kunyata suke ji su yi shiru. Ƙohwa nike buɗe maka. Kai kuwa sai ka tashi duba mota." Ya yi ɗan murmushi. "Shekara talatin kana kawo min shinkahwa, Ɗan Boko."

Na tambaye shi me ya hana shi yi min magana.

"Ni zan roƙe ka sunana? Kai ka ɗauka."

Na yi kuka a wurin nan, ni da furfurata, a gidan mutane da rana tsaka. Bai rarrashe ni ba, bai kuma ƙara min ba. Ya jira na gama, sannan ya ce ya yafe min tun da daɗewa, don ba ya so ya je lahira da ni rataye a wuyansa, amma yafiyar ba ta goge rubutun ba. Na ce zan sa a gyara. Ya kira Hadiza ta kawo faifan da farar takarda da alƙalami mai kauri. Ba ya ganin takardar, amma hannun bai manta ba. Ya rubuta Illo Mahaman da ajami, manya-manyan baƙaƙe suna ɗan gangarawa ƙasa, ya ce in Turawan sun yarda a sa wannan a jikin akwatin. Ya miƙo min faifan a cikin zanensa. Na fito daga gidan jikina sakayau, ina ganin magana ta ƙare.

A gida na tara ku bayan la'asar. Kun tuna zaman, ba sai na maimaita shi duka ba. Nusaiba ta sunkuyar da kai. Faisal ya tsaya yana kallona, Hausar ta ƙwace masa, sai Larabci ke fita.

"Ya'ani Baba Illo? Wanda muke kai wa tsofaffin kayanka? Shi ne mai waƙoƙin, kai kuma..."

Bai ƙarasa ba. Ya ɗauki makullin motarsa ya fita. A ranar ya goge abin da ya tura wa abokansa, kuma da kansa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu gaskiya, wanda na san ya yi masa ciwo. Ya yi kusan wata biyu ba ya zama cin abinci in ina kan tabarma. Faisal, ban taɓa ganin laifinka ba. Kwana goma kawai na samu na zaman da ka yi kusa da ƙafata, su ma ba nawa ba ne. Daga baya ka dawo, muna hira, muna dariya, amma wancan kallon bai dawo ba, kuma na san da hannuna na mayar da shi.

Nusaiba ce ta rubuta wa kamfanin, ina faɗa tana bugawa. Inda na ce an samu kuskure a takardun Legas, ta ɗaga hannu daga kwamfutar ta dube ni, ta ce, "Baba, kuskure?" Na ce ta goge, ta rubuta cewa ni na sa sunana a kan waƙoƙin wani ina sane. Baturiyar ta yi kwana uku ba ta amsa ba. Da ta amsa, ta ce dama burinsu shi ne takardun tsakiya su fito daidai da na asali, ba a taɓa ko ɗigo ba, masu saye haka suke so. Ta ba da shawara a bar su haka, a yi bayani a cikin littafin. Na ce a'a. Littafi yakan ɓace, wani ma ba ya buɗe shi, amma duk wanda zai ɗora faifai a kan garmaho sai ya ga tsakiyarsa. In ba za a canza ba, ban ba da izini ba, kuma faifai na uku zai koma akwatinsa. Wannan ne karo ɗaya da sunan nan na sata ya yi wani amfani. Suka yarda. Suka tura wa Illo takardun da sunansa, Hadiza ta karanta masa, ya dangwala yatsa. A littafin kuwa an rubuta labarin yadda yake, da Turanci da Faransanci, don haka yau akwai mutane a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba da suka san abin da Bala Tanko ya yi.

Akwatin ya iso saura kwana tara Illo ya tashi. Faisal ne ya sayo garmaho ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya sa a bayan mota, muka tafi Badi'a mu duka da safiyar Asabar. An riga an ɗaure kayan Illo cikin manyan jakunkuna a bakin ɗaki. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar dabino, aka jawo wayar lantarki daga ɗakin direba. Na ba shi akwatin, ya shafa shi gaba da baya, Nusaiba ta gaya masa rubutunsa na ajami yana nan a gaba, fari a kan baƙi, ya kusa cika kwalin. Faisal ya ɗora Hanyar Tasawa ya sauke allura. Da jitar ta shigo, Illo ya daina jan carbi. Yatsun hannunsa na hagu suka fara motsi a kan gwiwarsa, suna bin tsirkiyar da babu ita, ba su kuskure ko wuri ɗaya ba. Hadiza ta rufe baki da mayafi, ashe ba ta taɓa jin muryar ubanta yana saurayi ba. Da waƙar ta ƙare ya ce Sande ya yi gaggawa a baiti na biyu, tun a Legas ya gaya masa.

Sannan ya ce a ba shi faifan. Faisal ya cire ya sa masa a hannu. Ya riƙe shi ta gefe-gefe, ya lalubi tsakiya da babban yatsa har ya ji takardar.

"Ina sunana yake?"

Ni ne kusa da shi. Raina fari ƙal, na kama yatsansa zan ɗora a kan rubutun, wannan karon a inda ya dace. Sai ya zare hannunsa a hankali, ba da fushi ba, kamar yadda ake zare hannu daga na yaron da ya yi barci.

"Bari, Ɗan Boko," ya ce. "Hadiza, taho ki karanta min."

Ta zo ta durƙusa a gabansa, ta karanta sunan waƙar, ta karanta Illo Mahaman. Ya ce ta juya baya. Ta juya ta karanta. Ya ce a kawo na farko, a kawo na biyu, a kawo na huɗu, kowane gaba da baya. Mahaifiyarku tana kallon dabino. Ni kuwa na mayar da hannuna kan cinyata, na zauna ina saurare har ta karanta na takwas.